Farcen Kaspar

Shekara talatin da ɗaya, duk lokacin sanyi, kafin motar share ƙanƙara ta wuce da safe, Kaspar Ranalter ya riga ya sauka ɗakin ƙasa na duk masaukin da 'yan tseren zamiya kan ƙanƙara na yankin Tirol suka yada zango. Sai ya ɗaure allunan zamiya a teburi, ya bi bakin ƙarfensu da magagari, ya narka kaki ya shafe cikinsu, ya kankare. In ya gama, ya goga farcen babban yatsansa a bakin ƙarfen. In ƙarfen ya feƙe farcen, kaifi ya yi. In bai feƙe ba, kofinsa ya huce ke nan, don daga farko zai sake.

Wata huɗu ke nan da ya ajiye aiki, kuma ba jaridar da ta san an yi. Abin ya ba ni haushi. Mu da muka shaƙi warin kakinsa har ya zame mana turare, mu ya kamata mu faɗa.

Shekara goma sha huɗu na ƙarshe Burgi Ladner ya yi wa aiki. Burgi ba gwanar gwanaye ba ce. Sau ɗaya ta taɓa zuwa ta huɗu, aka yi ta zancen har aka gaji. An yi mata aiki a gwiwar hagu sau uku, likita kuma ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa in ta sake faɗuwa, ita da sanda sai mutuwa. Duk da haka ta ce sai ta yi tseren bankwana na gaske, ba irin wanda ake sa kayan gargajiya a gangaro a hankali ana gaisawa da masu horarwa ba. Taurin kai a gidan Ladner gado ne.

Tun jajibirin tseren aka yi wa gangaren dutsen feshin ruwa kamar yadda aka saba, ya daskare ya koma kamar kwalba. A irin wannan ƙasa, lafiyar mutum na bakin ƙarfe. Ga shi hannun Kaspar ya fara rawa tun bara, faratan kuma sun cinye har tsoka, dama da hagu. Da safe ya ce mata ta kai allunan wajen masu wasawa da inji, an daina yayin irinsa. Ta ce injin bai san wace gwiwa ke yi mata gardama ba, shi kuwa ya san inda yake rage kaifi a wutsiyar allo don ya sake ta in ta zo shan kwana.

"'Yar nan, ba ni da abin gwadawa," in ji shi, yana nuna mata yatsun.

"To tsoho, nawa na ado ne?" Ta zare safar hannu ta miƙa masa.

Mai horar da ita, wanda aka yi a gabansa, ya ce sau uku Kaspar yana goga farcenta, sau uku yana komawa kan magagari.

Kai ne, Kaspar, gwanin bayan fage, da ba ka taɓa ganin ƙarshen tsere da idonka ba. Wurinka can ƙololuwar dutse, inda ake fara tseren. Ka kakkaɓe ƙanƙarar ƙasan takalminta, ka danna ƙafarta cikin allo, ka dafa kafaɗarta, sannan ka tsaya da rediyon oba-oba a kunne kana jira. Wanda ya sauka ya ɗaga allo a ga sunan kamfani, naka kuwa ba ya jikin komai.

Ranar nan minti ɗaya da rabi ya yi yana jira. Oba-oba ta ce Burgi ta sauka, a kan ƙafafunta. Mai maganar ya fara faɗin ta nawa ta zo, Kaspar ya kashe na'urar, ya zauna daɓas cikin ƙanƙara. Ta ashirin da shida ta zo, har yau bai tambaya ba.

Mun gode, Kaspar, sannu da gajiya. Ku kuma masu inji, ba a ce ku yar da injin ba, amma ku koyi sanin gwiwar wanda kuke wa aiki, kamar yadda Kaspar ya sani.

Jiya Burgi ta hau benen gidansa da burodi a hannu, ba sanda. Ta tarar da shi a bakin taga yana yanke farcen babban yatsa da ya sake tsirowa, karo na farko cikin shekara talatin da ɗaya.