Zagin da Na Kai Ƙanƙara

Ni dai ban yi niyyar zuwa taron tsofaffin ɗalibai ba. Daga Legas zuwa Ƙanƙara ba nan kusa ba ne, ga gwiwa ta fara ba ni labari. Abin da ya tashe ni, wani abokina ne ya kashe mini waya.

Shi ne abokin zamana a benci tun daga aji ɗaya na sakandare har muka fita, mutumin Ketare, ɗan manoma. Bayan makaranta ni na bi aikin tashar jiragen ruwa, shi ya koma gona, zumunci ya tsinke. Da aka fara shirin taro sai na ji labarin idonsa ya tafi. Na nemi lambar ɗiyarsa, ta miƙa masa wayar. Na gyara murya na ce, "Malam, barka da yamma, yaya jiki, yaya iyali?" Na faɗi sunana. Sai na ji ya ce wa yarinyar, "Amshi abinki, 'yan damfara ne. Wannan Bakano ne, ba abokina ba." Ƙit, aka kashe.

Ni Bakano? Ni da aka yanke cibiyata a Sabuwa? Wallahi abin ya ci mini rai, har tuwon dare na kasa ci. Uwargida ta ce, "Alhaji, to ai gaskiya ya faɗa, bakinka ya daɗe da barin gida." Washegari na sa aka haɗa mini jaka.

Mota na bi, don ina so in ga ƙasa da idona. Mun tsallaka kogin Kwara da azahar, ruwa ya cika ya batse har ban hango ɗaya gaɓar sosai ba, na yi ta tasbihi. Muka kwana a Kaduna. Daga Zariya zuwa Funtuwa kuwa, kai jama'a! Ƙarshen damina ne, masara ta fi mutum tsawo, dawa ta sunkuyar da kai, ko'ina kore shar har inda ido ya ƙare. Shekara da shekaru ina kallon kwantena da hayaƙi, na manta Allah yana shimfiɗa abu haka. A Sheme muka tsaya, direba na ta azalzala wai a wuce da sauran rana, hanya ba ta da tabbas. Wata mai gasa masara ta dube ni ta ce, "Baƙo, ta nawa za a ba ka?" Ita ma baƙo ta gani. Na karɓi masarata na koma mota.

Duwatsun hanyar Ƙanƙara suna nan yadda na bar su. Makarantar ce ta ba ni mamaki. 'Yan itacen darbejiya da aka sa mu dasa don horo, muna ɗebo musu ruwa muna ƙunƙuni, sun zama manyan bishiyoyi, inuwarsu ta rufe filin taro gaba ɗaya. A ƙarƙashinsu ga tsofaffi masu furfura, wasu da sanda, wai mu ne yaran nan.

Abokin nawa yana zaune a kan tabarma a gefe, ya rame, hula ta yi masa yawa. Na tsaya ina kallon ikon Allah. Duk wanda ya yi masa sallama, kafin ya rufe baki ya kira sunansa, ya faɗi garinsu, har da laifin da aka taɓa yi masa bulala a kai. Wani mutum tari kawai ya yi, abokina ya ce, "Na Faskari, har yanzu ba ka bar taba ba?" Wuri ya kaure da dariya. Na ce a raina, mai wannan kunne ba zai ɓatar da ni ba.

Na durƙusa na kama hannunsa. "Salamu alaikum, Malam. Ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin, Alhaji," in ji shi, cikin ladabi. "Sannu da zuwa. Daga wace ƙungiya?"

Na sake faɗin sunana. Ya girgiza kai a hankali. "Na san mai sunan. Ba haka yake magana ba."

Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Kwana biyu a mota, ƙafa ta kumbura, baya kamar an daka, a ce mini daga wace ƙungiya? Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. "Kai, ɗan banza mai kan gwanda! Mi kake nufi? Ni za ka maida baƙo, ɓarawon ƙanzon ɗakin girki?" Na ɗora masa da wata ashar irin tamu ta Katsinawa, wadda ba zan rubuta a nan ba, jikokina na karatu.

Ɗiyarsa ta zabura za ta yi magana. Shi kuwa sai ya saki hannuna ya lalubo fuskata, ya shafa har ya kai kan tabon da ke goshina, wanda shi ya yi mini da marfin akwati.

"La ilaha illallahu," ya ce. "Kai ne, shegen kaya. Ina ka ɓoye bakinka?"

Muka rungume juna muna kuka, tsofaffi biyu, ba kunya. Da ya lafa sai ya jawo kunnena kusa da bakinsa.

"Ƙara mani," ya ce.

"In ƙara mi?"

"Zagin mana. Tun da idon nan ya tahi ba wanda ya zage ni. Kowa sai Baba sannu, Baba a hankali, kamar na riga na mutu."

Na share hawaye, na gyara zama a kan tabarmar, na faro masa tun daga aji ɗaya.