Mutumin da Ya Juya Rufin Rumfarsa

Ban san sunansa ba. Sati biyu ke nan da ya tare a gidan da ke bayan namu a Unguwar Kanawa, ni kuwa da ba aikin yi, ina leƙensa ta saman katanga.

Dogo ne siriri, wandon kaki ya tsaya masa a ƙwauri, tabarau ɗaure da zare, ga ƙusoshi uku a baki. Yadda yake auna kowane katako sau biyu, na ce lallai tsohon akawu ne. Rumfa yake kafawa a gefen lambun tumatirinsa, wurin ajiye fartanya da taki.

Ya gama buga kwano huɗu, sai ya ja da baya. Yana duban gangaren rufin, yana duban katangarmu ta ƙasa, wadda ɗakin Innata ke jingine da ita, ga tsaga tun daminar bara. Duk ruwan da zai sauko, a gindinta zai zuba.

Na ce, "Baba, ai ta yi kyau, saura a kira gwamna ya buɗe!"

Ya zare ƙusoshin daga baki. "Samari, wa ke kwana a ɗakin nan?"

"Tsohuwata."

Sai ya hau tsani. Ga shi cikin rana yana ɓamɓare kwanon ɗaya bayan ɗaya, yana miƙe kowace ƙusa a kan dutse, zai mayar da gangaren wajen tumatirinsa.

Na nemi tsiyar da zan yi masa na rasa. Sai na zagaya ta ƙofa, na yi sallama, na riƙe masa tsani.