Kyaftin Misbahu Rabo, Matuƙin da Ya Rage wa Kansa Albashi

Kullum da sassafe za ka gan shi bisa tsohon babur, ya bar Kurfi ya nufi gonarsa ta gero a Tamawa. Zai yi aiki har rana ta take, sannan ya koma gindin tsamiya ya sha furarsa shi kaɗai. Manoma kan tsaya su ce, "Alhaji, wannan hadarin namu ne?" Sai ya ɗaga kai ya duba. "Na Barkiya ne, ku ci gaba da aikinku." Da wuya ya kuskure. Sun san ya shekara talatin yana tuƙa jirgin sama. Abin da ba su sani ba shi ne dalilin da ya sa ya dawo gida ba aboki ko ɗaya daga wurin aikin.

Malam Labaran, tsohon makanikin jirgi da yanzu yake zaune a Dutsin-Ma, shi ya ba ni labarin, don a gabansa aka yi.

Kyaftin Misbahu ne shugaban ƙungiyar matuƙa a lokacin da kamfaninsu ya kama hanyar durƙushewa. Mai ya yi tsada, jirage uku na ajiye ba kayan gyara. Shugaban kamfanin ya kira shi ofis, ya ce, "Kyaftin, yarjejeniyarku ba za mu taɓa ta ba. Manyan matuƙa za su ci gaba da karɓar albashinsu cif. Amma ƙananan matuƙa da makanikai da masu lodi, mutum ɗari biyu, za su tafi. Ku kuma ku ƙara awannin tashi."

Misbahu ya ce, "Ranka ya daɗe, matuƙin da bai huta ba ba zai ɗauki 'ya'yan mutane ba. Wannan a cire ta. Sauran kuwa, ka ba ni kwana uku."

Ya tara manyan matuƙa ya roƙe su su yafe kashi ɗaya cikin uku na albashinsu har shekara biyu, bisa sharaɗin a rubuta cewa ba wanda za a kora. Ɗakin ya kaure. Kyaftin Mas'ud, amininsa tun daga makarantar koyon tuƙi, ya miƙe ya ce, "Misbahu, mun zaɓe ka ka kare mu ne, ba ka yi sadaka da mu ba. Nawa suka ba ka?"

Aka kaɗa ƙuri'a. Da ratar ƙuri'a biyu ya yi nasara, kuma shi ya fara sa hannu.

Kamfanin ya tsira, ba a kori kowa ba. Amma daga ranar, in ya shiga ɗakin cin abinci sai hira ta mutu. A cikin jirgi, wanda ke gefensa ba ya ce masa komai sai abin da aiki ya wajabta. Da 'yar Mas'ud ta yi aure, a bakin wasu ya ji. Bayan shekara biyu albashi ya koma yadda yake, zumuncin bai koma ba. Ranar da ya yi ritaya, makanikai da masu lodi ne kawai suka jeru a gindin jirgi suka raka shi bakin ƙofa.

Na same shi a gida na tambaye shi ko ya yi nadama. "Ina kewar Mas'ud," in ji shi. "Amma ko gobe aka kawo takardar, zan sake sa hannu."

Kyaftin, kai ne ka ƙi sayar da hutun matuƙa alhali ba fasinjan da zai taɓa sanin ka yi. Kai ne ka bar wuta a murhun gidaje ɗari biyu, ka biya da abokan ƙuruciyarka. Dogo ɗan Rabo, mun gode.

Ku da aka damƙa wa amanar ma'aikata, a ofis ne ko a tasha, ranar da za a kira ku a ce ku ceci kanku ku bar na ƙasa, ku tuna an taɓa yi wa wani mutumin Kurfi wannan tayin, ya ce a ba shi kwana uku. Allah Ya saka maka, Kyaftin, Ya kuma sanyaya zukatan waɗanda suka juya maka baya tun kuna raye.