Bututun Bindigar Babanmu

Bayan sadakar arba'in ɗin babanmu aka zauna rabon gado, sai magana ta tsaya a kan bindigarsa. Maharbi ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a zaurenmu ya sha jin cewa bututunta ƙarfen Jamus ne, gadon kakansa. Yayana ya ce ba za a raba ba sai an san darajarta. Da yake ni ke aiki a Dutse, ni ke da babur, ni aka aika.

Na naɗe ta a tabarma na kai wa wani tsohon maƙeri a Kafin Hausa. Kwanakin nan ko kuka ban yi ba. Abin da aka ce in yi kawai nake yi.

Tsohon ya yanke fatar da aka ɗinke bututun da ita, ya zare shi daga ƙota. Ya ce na Jamus yana da hatimi a ƙasa, inda itace ya rufe, kuma in aka rataye shi aka ƙwanƙwasa, amonsa kan daɗe. Ya rataye shi da igiya, ya ƙwanƙwasa shi da ƙusa.

Ƙwas. Shi ke nan.

“Ƙarfen sitiyarin mota ne,” in ji shi. Ya juya shi, ya shafa wurin haɗin da yatsa. “Aikina ne ma. Kai ne wanda aka yi wa aiki a ciki yana ƙarami?”

Na ce, “Ni ne, Baba.”

“To, a waccan shekarar babanka ya kawo ta. Na cire na Jamus aka sayar wa wani ɗan Kano, aka kai ka asibiti. Ya roƙe ni in ɗinke masa wannan da fata, kada kowa ya gani.”

Ban ji komai a raina ba. Na tuna dai ina kallon wata akuya tana cin ɓawon rake a bakin maƙerar. Na roƙe shi ya mayar da fatar yadda take, ya mayar.

Da na isa gida yayana na zaune a zaure, inda babanmu kan zauna. Ya ce, “To, ta Jamus ɗin ce?”

Na jingine ta a bango. Na ce, “Ku sa mini ita a rabona, Yaya. A farashin ta Jamus.”