Sunan da Kwamfuta ta Riƙe

Ni ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba. Haka na tarar ana yi a gidanmu, haka na yi. Ranar suna liman ya raɗa, maza suka kai wa juna, ni kuwa na ji shi sau ɗaya daga bakin wata gwaggo, na sunkuyar da kai kamar ba da ni ake ba. Yaron bai kai yaye ba ya koma. Daga nan babu mai dalilin kiransa, ni da mai gidana muka rufe baki, muka haifi wasu, muka tsufa a unguwar Minanata.

Mai gidana dillalin shanu ne a kara. Da ƙafa ta hana shi fita, sai ya tsiro da wata sabga: a rubuta masa tarihin gidansu kafin ya tafi. Autarmu ce ke buga takardu a wani ofis, tana da kwamfuta irin mai ninkewa. Duk ranar da ba aiki sai ta zo da hantsi, ga ciki a gaba, ta zauna kan tabarma yana faɗa tana bugawa. Ni ina gefe ina tsince shinkafa, ina kallon abin. Ban yarda da shi ba. Abin da ba ya ci ba ya sha, amma yana huci yana ɗumi kamar mai rai, ai sai a sa masa ido.

Wata rana ya iso kan mamatan gida. Ya fara daga kakansa, yana saukowa. Na san jerin, na san wanda ke tafe. Na ɗauki faifaina na fita tsakar gida, don bai kamata a kira sunan nan ina zaune ba. Ina bakin murhu na ji salatin yarinyar. Na koma na tarar fuskar kwamfutar ta yi shuɗi, daga nan ta yi baƙi ƙirin, ina ganin fuskokinmu a ciki.

"Kin dai aje?" in ji shi.

"Baba, ban danna ba tun safe. Ka hana ni ko numfashi."

"To ɗiyar zamani. Mu da kai muka riƙe shanu ɗari, ke kin kasa riƙe magana da inji."

Ya yi dariya har da tari, ya ce gobe ma rana ce. Goben ba ta zo masa da lafiya ba. Bai ƙara zama kan tabarmar nan ba, kafin watan ya mutu muka kai shi.

Ina cikin takaba yarinyar ta haihu, namiji. Mijinta, mutum mai kirki, ya ce ta zaɓi suna. Ta zo ɗakina ta rage murya.

"Inna, ran nan Baba ya ce a cikin mamatan akwai yayana. Shi nake so a mayar. Amma sunayen sun yi yawa, hannuna ne ke ji ba kaina ba, ga firgitar da na yi. Ba sai kin faɗa ba. Ni zan riƙa kira, in na zo kansa ki ɗaga kai."

Na hau ta da faɗa, na ce wa ya koya mata rashin ta ido. Ta fita. Da na zauna ni kaɗai, sai na miƙa hannu cikin zuciyata inda na ajiye sunan, na tarar da wurin wayam. Ina ganin yaron sarai: tabon da ke bayan kunnensa, yadda yake kama mini zane. Suna kuwa babu. Biyu suka taso mini, kowanne yana cewa shi ne, kuma ban amince da ko ɗaya ba. Gwaggon ta rasu, limamin ya rasu, mai gidana da ya rage shi ma ya bi su. Duk faɗin Sakkwato babu inda sunan ɗana yake sai cikin mataccen injin nan da ke ƙarƙashin gado.

Suna bai jira mu ba, dole aka sa wa jaririn wani na lakabi ana kiransa da shi, liman ya raɗa masa na kakansa, da alkawarin ƙara na biyu in an samu. Da na fita takaba, ita ma ta yi arba'in, na ce ta ɗauko abin mu tafi.

Shagon mai gyaran yana Sabon Gari, wani lungu mai ƙarar janareto. Matattun kwamfutoci jibge har rufi, cikinsu a buɗe kamar rumfar mahauta. Mai shagon mutumin kudu ne, Hausarsa tana ɗingishi amma tana isa.

"Mama, zauna. Wannan ba a mutu duka ba. Jiki ne a mutu."

"Kai dai yi aikinka, bar mini wa'azi."

Ya kwance ta, ya zaro wani ɗan abu kamar sabulun wanka da ya sha ruwa, ya ce a cikinsa take riƙe komai. Ya jona shi da tasa. Ya ce ko mutum bai ce ta ajiye ba, ita da kanta takan saci abin da ake bugawa lokaci bayan lokaci ta ɓoye, sai dai ba a san inda ta tsaya ba. Ashe duk zaman nan da nake kallonta, ita ma tana nata.

Ya daɗe yana tono. Can sai rubutu ya cika fuskar, baƙaƙe kamar tururuwa. Yarinyar ta matsa ta fara karantawa da ƙarfi saboda janareto. Maganarsa ce tsaf, har da "ke rubuta mana" da ta buga ba ta sani ba. Mutumin da na wanke wa kayan sawa na ƙarshe, ga shi yana magana da bakin ɗiyarsa. Kakansa. Ƙannen ubansa. Yana saukowa.

Ƙafafuna suka nemi tashi da kansu, yadda suka saba. Na dafe benci da hannu biyu na zauna.

Ta kira sunan. Ba ko ɗaya daga cikin biyun nan ba ne. Amma yana faɗowa na san shi, har nonona ya yi tsam kamar na mai jego.

Sai daga bayana, a bakin ƙofa, wata murya ta ce, "Na'am?"

Na juya. Wani magidanci ne tsaye da rediyo a hannu, furfura ta fara cin gemunsa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa yak kira ni?"

"Ba kai ba ne, Alhaji, karatu muke," in ji mai shagon.

Mutumin ya yi murmushi, ya russuna ya ce mini, "Sannu, Inna," ya wuce. Na bi bayan kunnensa da ido, amma hula ta rufe. Na san suna ne da mutane da yawa ke da shi. Na sani. Sai dai shekarunsa sun yi daidai da na ɗana, da ya rayu.

Bayan sunan babu komai a rubutun. Nan injin ya tsaya, wani ɗan tsinke yana ƙiftawa a gefensa.

Yanzu yaron yana tafiya, da sunan ake kiransa. Ni Maigida nake ce masa, bakina bai canza ba. Amma in uwarsa ta ƙwala masa kira daga ɗaki, nakan ajiye abin da ke hannuna in saurara har ya amsa.