Ranar Ruwan Gonaki Bakwai

Shekarar da na dawo Malanbil daga karatu a Paraku, wata ƙungiyar manoman shinkafa ta fadamar bakin kogi ta ɗauke ni aiki. Suna da rumbun bayanai a ordinatar, wato kwamfuta, baz muke ce masa: jerin manoma daban, na gonaki daban, na hanyoyin ruwa daban, kowane a ɗaure da ɗan'uwansa. A cikinsa akwai ƙananan umarni da aka rubuta aka ajiye, furosedir, su ke fitar da ranar da kowace gona za ta sha ruwa. Aikina shi ne in cire su duka, in mai da abin da suke yi cikin sabon tsarin da ƙungiyar ta samu.

Wanda ya rubuta su tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce masa. Idanunsa sun yi rauni, ya bar buro, ofishin ƙungiyar, kafin in zo, kuma bai bar bayani ko na layi ɗaya ba. Sati uku ina bin su ɗaya bayan ɗaya: in karanta, in gane aikinsa, in sake gina shi a sabon wuri, sannan in goge tsohon.

Akwai ɗaya da ban gane ba. Bayan an gama raba ranaku, sai ya ɗauki gonaki bakwai, in sun faɗa Juma'a ko Asabar ko Lahadi, ya mai da su Talata. Ba dalili a rubuce. Gaskiya, abin da ya zo min a rai shi ne tsohon ya yi wa danginsa alfarma. Na goge shi ban mai da shi ko'ina ba, har ina jin na yi gyara.

Sati na biyu da liƙa sabon jerin ranakun ruwa, wata dattijuwa ta sauka daga kan zem, babur ɗin haya, a ƙofar buro, daga Madekali. Ta cire takalmanta ta shigo.

"Ɗiyata, ke ce mai injin?"

"Ni ce, Inna."

"An sa mini ruwa Asabar. Asabar ina kasuwa da albasa. In na tahi gona, wa zai zauna mini ga kaya? Maigida ya rasu, yara na Kwatano. Mushe ya sani."

Ba faɗa ta zo yi ba. Asabar ɗin da ta wuce ta zaɓi kasuwa, ruwa ya wuce ta.

Bayan la'asar na tafi gidan Mushe. Na same shi a zaure, rediyo a gefensa. Ina fara magana ya karanto min lambobin gonakin bakwai da ka.

"Duk mata ne da mazansu suka rasu," in ji shi. "Kasuwa ke ciyar da su, kuma daga Juma'a zuwa Lahadi take ci. Na kai maganar gaban manya, suka ce in an buɗe ƙofar ga, kowa zai kawo uzurinsa. Sai na sa ta inda ba mai gani."

Na ce, "Baba, na goge shi. Na zaci son kai ne."

Ya ce, "Ko ni na tarar da shi haka, abin da zan zata ke nan. Laihina ne da ban rubuta ba."

Na ce ina da kwafi, zan iya mai da shi gobe ba wanda zai sani. Ya girgiza kai. Ya ce biyu daga cikin matan sun rasu, gonakin na hannun 'ya'yansu maza, kuma tun barinsa buro wasu matan sun rasa mazansu, ba mai sa su a ciki. "Ki kai wa manya a fili. Ke ba su saba ce miki a'a ba tukuna."

Na kai maganar zaman ƙarshen wata. An yi gardama sosai, wani ya ce shi ma yana da rumfa a kasuwa. A ƙarshe aka yarda a ƙara gurbi a jerin manoma, na ranar da mutum ba ya iya zuwa gona, amma sai wanda ba shi da mataimaki, kuma sai maƙwabtan gonarsa biyu sun shaida. Na rubuta dalilin a ƙarƙashinsa da Faransanci da Hausa.

Ranar ruwan dattijuwar ta koma Talata. Gefen gonarta na sama, inda ruwa ke kaiwa a ƙarshe, ya riga ya yi rawaya, bai farfaɗo duka ba. Lokacin girbi na je da kaina na duba. Tana ɗaure dami, ta nuna min wurin da hannu, ta ce badi zai gyaru.