Gaisuwar da Na Ƙi Amsawa Har Birmingham

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Levenshulme a Manchester, ni da 'yata da jaririnta, a motarta. Tun a bakin ƙofa ta ce min "Morning, Dad", na yi kamar da bango take. Dokar gidana ke nan, gaisuwar Turanci ba ta da amsa. Yanzu kuma wai jikana Turanci zalla za a yi masa, kada ya ruɗe.

Babbar hanyar M6 dai ruwa da cunkoso. Mun tsaya shan shayi, ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa, tsadarsa kuwa sai ka ce da rago aka haɗa.

A Birmingham ƙawayenta na jami'a suka nuna wani gajeren fim kan mutanen da ake kira Cajun, a Louisiana ta Amurka. Bokona bai yi nisa ba, amma na gane. Kakanninsu masu Faransanci ne a Acadia, can Kanada. Turawan Ingila suka ƙone musu gidaje, suka loda su a jiragen ruwa, wasu suka ƙare a fadama cikin kada da sauro. Na ga tukunyarsu, miyar kuɓewa ce da jatan lande a kan shinkafa. Na ce ashe 'yan gida ne.

'Yata ta raɗa min da Turanci wai in duba, yaren ya kusa ƙarewa amma ga kiɗa ga abinci, suna nan daram. Ashe don wannan aka ɗauko ni.

Sai aka nuno wani tsoho. Ya ce suna yara, wanda ya yi Faransanci a makaranta sai a durƙusar da shi a kan ƙwayar masara. Ya juya ya yi wa jikarsa magana da yarensu, yarinya ta yi murmushi ta kalli kyamara. Ba ta ji komai ba.

Na ce wa 'yata da ƙarfi, har aka waiwayo, "Su da horo da duka aka raba su da yarensu. Ke wa ya dake ki?"

Muka kamo hanyar Manchester. Ni dai abin da na kwaso a tafiyar nan, kuɓewa za ta bi ka ko'ina, amma ba za ta gaishe ka da safe ba.

A ƙofar gida ta miƙo min yaron za ta fito da jaka. Na ɗaga shi na ce, "Malam, ya hanya? Ya gajiya?"

Sai na ji ta a bayana, ƙasa-ƙasa, tana amsa masa: "Ba gajiya, Kaka."

Ban juya ba. Gobe ma in ta zo da morning, bangon nan za ta tarar.